Ina ake samun gahawa ta gaskiya a Kano?

Abdulhadi Tarauni:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da wasu za su ga bai kai a tsaya a kansa ba, amma ni ya dame ni ƙwarai. Aiki ya dawo da ni Kano bayan zaman da na yi a Abuja, kuma har yanzu ban sami wurin da zan zauna in sha gahawa mai kyau ba, wato wadda aka haɗa daga 'ya'yan kofi da aka soya aka niƙa. Abin da nake samu iri biyu ne. A teburin mai shayi ana zuba mini rabin cokali na garin gwangwani, a cika shi da madara da sukari har ɗanɗanonsa ya ɓace. A wuraren zamani kuwa, masu na'ura da sanyin iyakwandishan, kuɗin yana da yawa, kuma sau da dama abin da ake kawowa ɗaci ne kawai da ƙaurin ƙonewa. Don Allah wanda ya san wuri mai kyau ya kwatanta mini, kuma ya gaya mini dalilin da ya sa yake ganin ya fi sauran, domin in san abin da zan duba da kaina.

Malam Ɗanjuma Fagge:
Wa alaikumus salam, Malam Abdulhadi, barka da dawowa gida. Ni ban yarda a raina teburin mai shayi ba. Mai shayin unguwarmu tun kafin kiran assalatu yake hura wuta, ya san wanda ke son sukari da wanda likita ya hana, ya san wanda zai biya yau da wanda sai ƙarshen wata, kuma a wurinsa ake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ke kwance a asibiti. Idan ka ce masa ya cika maka cokali kuma kada ya sa madara, haka zai yi maka ba tare da ya ɓata rai ba. A ganina wurin da ya fi kyau shi ne wanda za ka iya zuwa kullum ba tare da aljihunka ya yi kuka ba, inda kuma za a gaishe ka da sunanka.

Injiniya Bashir Bompai:
Malam Ɗanjuma, maganarka a kan zumunci gaskiya ce, babu mai ja da ita, sai dai ba ita ce amsar tambayar ba. Ko da mai shayi ya zuba cokali uku, abin da ke cikin gwangwanin ba zai koma sabuwar gahawa ba, domin kofi ne da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwansa ya zama gari, don ya narke da zarar ya taɓa ruwan zafi. Kamfanin Nestlé ya fara fitar da Nescafé a Suwizalan a shekarar 1938, kuma manufarsa sauƙi ce da daɗewa a ajiye, ya kuwa cika wannan manufa. Amma yawancin irin wannan gari daga kofin robusta ake yin sa, wanda ya fi ɗaci, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinsa ya kusan ninka na arabika. Arabika shi ne mai ƙamshi da ɗan tsami-tsami mai daɗi, shi ne kuma Malam Abdulhadi yake nema ko da bai ambaci sunansa ba.

Game da wuraren zamani na Nasarawa da Bompai da Titin Gidan Zu, ina ganin na san inda matsalar take. Na'urar esfireso tana tura ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin da aka danne, kuma cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 ya kamata a gama. Idan garin ya yi laushi fiye da kima, ko ruwan ya wuce ma'aunin zafi 90 zuwa 96, ko kuwa an daɗe ba a wanke bakin na'urar ba, to ɗaci ne zai fito komai tsadar 'ya'yan. Mai wuri yakan kashe kuɗi masu yawa a kan na'ura da kujeru da janareta, sannan ya miƙa aikin ga yaron da ba a zauna an koya masa ba. Saboda haka idan ka shiga irin wannan wuri, ka lura ko a gabanka ake niƙa, kuma ka tambayi ranar da aka soya 'ya'yan. Wanda ya san amsar, to ya san sana'arsa.

Malama Zainab Gwale:
Injiniya ya yi bayani mai amfani, amma ina so in ƙara cewa ba sai da na'ura ake samun gahawa mai kyau ba. Na yi karatu a Khartum kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, kuma gahawar da ta fi kowace daɗi da na taɓa sha a ƙarƙashin bishiya na sha ta, a wurin matan nan masu sayar da shayi a bakin titi. Ba su da komai sai kurfoti da gawayi da ƙananan kujeru da kwalaben kayan ƙamshi a jere.

Yadda ake yin jabana, wato irin wannan gahawa ta Sudan, shi ne, mace ta zuba ɗanyun 'ya'yan kofi, masu launin kore-kore, a ɗan kasko mai dogon mariƙi, ta ɗora a kan garwashi tana kaɗawa ba tsayawa. Za ka ji sun fara ƙara ƙas-ƙas, launinsu ya juya zuwa ruwan ƙasa, maiƙo ya fara fitowa a jikinsu, daga nan ta sauke. Sai ta juye su a ƙaramin turmi ta daka tun da ɗuminsu, ta haɗa da busasshiyar citta, ta tafasa, sannan ta tace a cikin 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, wadda ake toshe bakinta da zaren dabino don kada gari ya biyo. A ƙananan finjalai ake sha, da sukari a gefe, kuma sau da yawa akwai turaren wuta yana tashi a kusa. Mutanen gabashin Sudan, wajen Kasala da Fot Sudan, su ne suka fi shahara da ita, amma Hausawan can ma sun iya, har da na garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, waɗanda kakanninsu suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Abin da nake so in ce shi ne, tazarar da ke tsakanin suya da sha ita ce sirrin duka. Garin kofi yana hucewa da sauri da zarar an daka shi, kamar dai yadda dakakken yaji ke rasa ƙarfinsa idan ya daɗe a buɗe, balle a zafi irin na Kano. Don haka, Malam Abdulhadi, ka fara cigiya ta wajen mutanen Sudan mazauna Kano da ɗalibanmu da suka dawo daga can. A gidajensu da wuraren tarukansu ne na fi samun abin da ya yi kama da wanda na saba.

Abdulhadi Tarauni:
Na gode, Malama Zainab, Allah ya saka da alheri, ya kuma kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya. Sai dai gidan mutane ba wurin da zan riƙa zuwa kowace safiya ba ne. Akwai wanda ya mayar da wannan sana'a, yana sayarwa ga kowa?

Alhaji Sabi'u Kwari:
Ɗana Abdulhadi, bari in sa baki a matsayina na wanda ya tsufa a kasuwa. Gahawa ba baƙuwa ba ce a Kano kamar yadda yaran yanzu suke zato. Kwarori, wato mutanen Labanan da Siriya, sun zauna a nan tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso aka shiga cinikin gyaɗa, kuma Kantin Kwari da kansa unguwarsu ce tun asali. Muna samari mun ga yadda suke tafasa gahawarsu a 'yar ƙaramar buta mai dogon hannu, garin ya yi laushi kamar kwalli, su sa masa hel, wato ɗan kayan ƙamshin nan da Turawa ke kira cardamom, su zuba ba tare da tacewa ba, a bar garin ya kwanta a ƙasan finjali. Har yau gidajen abincin da 'ya'yansu da jikokinsu suke riƙe da su sukan yi ta, ko da ba a rubuta ta a takardar abinci ba. Ka tambaya a hankali, ka ce irin ta gida kake so.

Ta biyu ita ce ta Saudiyya, wadda alhazai suka sani. Ita ba a soya ta sosai, shi ya sa launinta yake fatsi-fatsi, hel ya yi mata yawa, ba a sa mata sukari, da dabino ake sha. Masu shagunan dabino da zamzam da turaruka da yawa suna ajiye garinta, wasu kuma suna dafawa a fulas saboda baƙi, musamman da azumi. Amma ina gargaɗinka da abu ɗaya. Masu yawo da fulas da ƙananan kofuna a kasuwa suna kiran gahawa, yawancinsu ganyen shayi ne da citta da kanumfari da na'a-na'a suke dafawa, wasu kuma garin ƙwallon dabino ne. Abin sha ne mai daɗi, ni ma ina sha, kuma ba su yaudari kowa ba tunda haka aka saba kiransa, sai dai babu 'ya'yan kofi a ciki. Ka tambaya kafin a zuba maka.

Malam Ɗanjuma Fagge:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka ga abin da nake faɗa. Duk wuraren da aka ambata masu daɗi, daga ƙarƙashin bishiyar Khartum har shagon mai dabino, wurare ne na talaka inda ake zama a yi hira. Babu wanda ya yabi wuri mai gilashi. Ni damuwata ita ce kada yaranmu su ɗauka cewa sai an biya kuɗin cefanen yini guda kafin a ce an sha abin kirki.

Hajiya Rabi Hotoro:
Malam Ɗanjuma, ka yi haƙuri, ni zan yabi wuri mai gilashi, kuma ina da hujja. Duk wannan hira da zumunci da kake kwatantawa na maza ne. Wace mace mai mutunci ce za ta je ta zauna a bencin mai shayi a Fagge ko a Ƙofar Mata da safe, tsakiyar maza, ta ce a haɗa mata? Ko yarinya aka aika, a tsaye take karɓa ta juya. Ni ina sana'ar ɗinki da sayar da atamfofi, kuma akwai lokutan da nake bukatar in gana da abokiyar ciniki ko in zauna da mai yi mini lissafi a wurin da ba ɗakina ba, ba kuma ofishin kowa ba. Waɗannan wurare na zamani su ne suka ba mu wannan dama. Akwai kujera, akwai tsafta, akwai banɗaki, wasu har da ɗan wurin salla, kuma babu mai kallonki kamar kin yi laifi. Idan ana auna wurin shan gahawa, to a sa wannan a ma'auni, domin rabin mutanen garin mata ne.

Ban ce gahawarsu ta kai yadda ake so ba. Akwai wani wuri da nake zuwa inda ranar da babban ma'aikacinsu yake nan abin yana fitowa da kyau, kumfar madarar ta yi laushi, ranar da ba ya nan kuwa sai ka rantse wani wuri ka shiga. Na yi wa mai wurin magana, ya ce duk wanda ya koya wa aikin, da hannunsa ya faɗa sai ya tafi Abuja ko Legas inda albashi ya fi tsoka. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ina ganin mu masu saye muna da abin yi a kai: mu riƙa faɗin gaskiya cikin ladabi idan bai yi ba, mu kuma yaba wa yaron da ya iya, a gaban maigidansa.

Malam Ɗanjuma Fagge:
Hajiya, wannan magana taki tana da nauyi, kuma haka abin yake a unguwanninmu. Amma tsadar fa? Ɗalibar jami'a ko malamar firamare za ta iya zuwa can kullum?

Injiniya Bashir Bompai:
Tsadar tana da tushe, Malam. Kusan duk 'ya'yan kofin da waɗannan wurare suke amfani da su daga waje ake shigo da su da dala, kuma kowa ya san abin da ya sami naira tun daga 2023. Ban da haka, farashin kofi a kasuwar duniya ya yi tashin da ba a saba gani ba a 2024 da 2025, saboda fari da ya taɓa Barazil da Biyetnam, ƙasashe biyu da suka fi kowa noma shi. Sannan na'urar esfireso tana cin wuta sosai, dole ta zauna da zafi tun safe har dare, ga firji ga iyakwandishan, duk a kan dizal ko sola. Idan ka biya kuɗin kofi ɗaya a irin wannan wuri, kaso mai yawa na kuɗin na wuta ne da haya. Shi ya sa nake ganin hanyar da Malama Zainab ta kwatanta ta fi dacewa da mu, tunda gawayi da kasko da turmi kawai take bukata. Da za a sami mai jari kaɗan ya buɗe wuri mai tsafta, da rumfa da sashen mata, yana soyawa a gaban mutane, da ya haɗa abin da Hajiya take so da abin da Malam Ɗanjuma yake so a farashi mai sauƙi.

Usman Gembu:
Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina karanta muhawarar nan daga tsaunin Mambila, kuma raina ya ɗan sosu da na ga an kai Sudan da Saudiyya da Barazil ba a ambace mu ba. A nan Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba muna noma kofin arabika, domin ƙasarmu tana da tsayin da ya haura mita 1,500 daga teku, ga sanyi ga ruwan sama, irin yanayin da wannan itace yake so ke nan. Mutane sun fi sanin mu da ganyen shayin Kakara, amma kofi ma tsohon amfanin gona ne a wurinmu, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda binciken kofi ma yake hannunta, tana da reshe a Kusuku. A tsaunin Jos ma ana noma shi.

Matsalarmu ita ce kasuwa. Mahaifina yana da itatuwan da suka girme ni, amma da yawa daga maƙwabtanmu sun sare nasu sun shuka masara ko itacen turare, saboda wahalar ta fi ribar. Kofi yana son haƙuri: sai an bi itace an tsinki jajayen 'ya'ya kawai a bar ɗanyu, a ɓare, a jiƙa, a wanke, a shanya a kan abin da ya ɗaga daga ƙasa har ya bushe sarai. Idan mai saye zai biya kuɗi ɗaya ga wanda ya yi wannan wahala da wanda ya zage reshe gaba ɗaya ya shanya a ƙasa, to wa zai wahalar da kansa? Ga shi kuma iyaka da Kamaru tana kusa, inda harkar ta fi tsari, don haka abin da aka noma yakan bi ta can. Abin yana ba ni takaici in ji ana cigiyar gahawa mai kyau a Kano alhali buhunanmu suna neman mai saye.

Malama Zainab Gwale:
Malam Usman, wallahi wannan labari ya faranta mini rai kuma ya ba ni tausayi lokaci guda. Ɗanyun 'ya'ya su ne ainihin abin da muke nema, domin su suna iya yin watanni a ajiye ba su lalace ba matuƙar wurin a bushe yake, sai dai a riƙa soya kaɗan-kaɗan gwargwadon bukata. Ni a yanzu sai na roƙi masu bi ta Adis Ababa su riƙo mini na Habasha, na Sidama ko na Harar, kuma ba kullum ake dacewa ba. Habasha ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka noma kofi, kuma kusan rabin abin da suke nomawa su suke shanye abinsu, shi ya sa manominsu ba ya rasa mai saye ko da kasuwar waje ta faɗi. Mu ma da za mu riƙa shan namu, da mahaifinka bai ga maƙwabtansa suna sare itatuwa ba.

Malam Musa Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan shayi ne sarki, a kowace fada za ka tarar da samari sun kewaye buta suna jiran na ɗaya da na biyu da na uku, don haka ba zan yi muku gardama a kan kofi ba. Abu ɗaya kawai nake so in ƙara a kan batun kayan haɗi. Duk wanda ya je ziyara Kaulaha ya ga irin kofin da mutanen Senegal suke sayarwa a bakin hanya, wanda suke jingina wa birnin Tuba na mabiya ɗariƙar Muridiyya. Abin da yake ba shi wannan yaji mai ratsa maƙogwaro ba komai ba ne illa kimba, wadda suke soyawa tare da 'ya'yan kofin su niƙa gaba ɗaya, wani lokaci da kanumfari. Kimba kuwa ga ta nan jibge a Kasuwar Kurmi da Kasuwar Rimi. Mai sayarwa yana ɗaga kofi ɗaya sama yana tsiyayawa a ɗayan har ya yi kumfa, kuma farashinsa talaka yana iya biya. Wanda zai buɗe wurin da Injiniya ya kwatanta, ya gwada wannan haɗin.

Maman Ilham:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in sa kalma ɗaya a cikin abin da za a duba wajen zaɓen wuri. Wurin kirki shi ne wanda zai bar ka ka sa sukarinka da hannunka. Yawancin abin da muke gani yana cutar da mutane ba kofin ba ne, sukari ne da madara mai zaƙi da ake cikawa. Shi kansa kafeyin, hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun ce miligiram 400 a yini bai zama matsala ga baligi mai lafiya ba, wato kimanin kofi huɗu matsakaita, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. A kuma tuna cewa goro da shayi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da shi, don haka a haɗa lissafin. Yana daɗewa a jiki, bayan awa biyar ma kusan rabinsa yana nan, saboda haka mai fama da rashin barci ya bar shi tun daga la'asar. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tuntuɓi likitansa. Sannan a dubi ruwan da ake wanke finjalai da shi, domin bokiti ɗaya da ake tsoma komai a ciki tun safe ya isa ya sa a bar wuri.

Alhaji Sabi'u Kwari:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Batun barci ya tuna mini da abin da malamanmu suke faɗa, cewa sufayen ƙasar Yaman ne suka fara yawaita shan gahawa tun ƙarni na 15 domin ta taimaka musu wajen raya dare da zikiri, daga can ta bazu zuwa Makka da Alƙahira da Istambul. Har an taɓa hana ta a Makka a shekarar 1511, daga baya aka janye hanin. Ina faɗin haka ne saboda masu ganin shan kofi kwaikwayon Turawa ne. Musulmi sun riga su saninta da daɗewa.

Usman, ɗana, maganarka ita ce ta fi kama hankalina a matsayina na ɗan kasuwa. Gani ya kori ji. Idan mahaifinka yana da wanda aka tsinka jajaye zalla aka shanya da kyau, ka aiko da mudu biyu ko uku a gwada. Idan ya yi, ni na san masu gidajen abinci da masu shagunan dabino da zan kai wa su ɗanɗana, kuma zan gaya musu gaskiyar inda ya fito. Amma sharaɗina shi ne abin da za a aiko daga baya ya zama daidai da na gwaji, domin abin da yake kashe irin wannan ciniki ke nan.

Abdulhadi Tarauni:
Ranka ya daɗe Alhaji, idan an aiko ina roƙon a sa da ni a cikin masu ɗanɗanawa, kuma zan biya nawa kason na kuɗin mota. Kafin nan zan bi shawararka in tambaya a gidajen abincin Kwarori, zan kuma riƙa yin tambayoyin da Injiniya ya koya mini game da niƙa da ranar suya. Hajiya Rabi, don Allah ki turo mini kwatancen wurin da kika ambata ta saƙon sirri, tare da ranakun da ƙwararren ma'aikacin yake aiki. Malama Zainab, wane irin kasko ya kamata in nema, kuma yaya zan gane lokacin saukewa?

Malama Zainab Gwale:
Ka nemi ƙaramin kaskon ƙarfe mai kauri wanda ba a taɓa soya mai ko albasa a cikinsa ba, domin 'ya'yan kofi suna ɗaukar warin duk abin da suka taɓa, turmin ma ka keɓe masa nasa daban da na yaji. Wutar ta zama garwashi ne wanda ya daina hayaƙi. Kada ka cika kaskon, tafin hannu ɗaya ko biyu ya isa, kuma hannunka kada ya tsaya da kaɗawa. Bayan kamar minti goma za ka ji ƙarar farko, daga nan ka sa ido sosai, domin tsakanin nuna da ƙonewa ɗan lokaci ne ƙalilan. Idan kana son ka ji ɗanɗanon ƙasar da ya fito, ka sauke jim kaɗan bayan ƙarar, tun yana ruwan ƙasa, idan kuwa irin na Sudan kake so sai ka bari ya ƙara duhu. Ka juye a faifai ka fifita don ɓawon ya tashi kuma zafin ya fita. Na gwajin Malam Usman dai ina ba da shawarar a fara shan sa zalla, ba citta ba kimba, don a yi masa adalci.

Usman Gembu:
Na gode, Baba Alhaji, na gode Malama. Na karanta wa mahaifina saƙonninku, ya ce a gaishe ku, kuma ya amince da sharaɗin. Daga ƙarshen damina zuwa farkon rani ake tsinka, amma akwai ragowar na bara wanda ya ajiye a buhun algarara a ɗaki mai iska, zan zauna in tsince shi da hannu in fitar da fasassu da waɗanda ƙwaro ya huda. Daga Gembu mota takan gangara ta Serti da Bali zuwa Jalingo, daga can zan ba direban Kano. Zan ƙulle shi a buhu biyu don kada ya ɗauki warin fetur ko na kifi a hanya, kuma zan rubuta sunan gonar da watan da aka tsinka a jikin buhun. Baba Alhaji, ka turo mini sunan tashar da ta fi maka sauƙin karɓa, da lambar wanda zai je ɗauka.